Bayis ɗin Baba Mai Ƙafa Ɗaya

Har gobe, idan wani sabon shiga sana'a ya tsaya a bakin rumfata ya ce, "Malam, wane bayis ne ya fi, in saya?" sai in ji raina ya ɓaci. Ba shi da laifi, bawan Allah, tambaya kawai ya yi. Ni ne dai na taɓa amsa wannan tambayar da cika baki, ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro ƙarfe. Amsar da na bayar kuwa ita ta zaunar da mahaifina a zaure har ya koma ga Allah.

Ga wanda bai sani ba, bayis shi ne ƙarfen nan mai baki biyu da ake ɗaurewa a jikin bencin aiki. Ka sa abin da za ka goga ko za ka yanka a tsakanin bakin, ka murɗa hannun, ya damƙe maka shi gam, hannayenka biyu su samu sukunin aiki. Mu masu yankan makulli da gyaran kwado, ranar da babu shi sai dai mu zauna mu yi hira.

Rumfarmu tana gindin Dala, a bakin wani lungu, daga gidanmu bai fi ka ƙirga ƙofa goma sha ba. Ni da Baba muke cikinta. Bayis ɗinsa irin na da ne, mai ƙafa. Doguwar ƙafa ɗaya gare shi ta ƙarfe, ta sauka har ƙasa ta shige cikin wani gungumen ice da aka binne tun kafin a haife ni. Duk dukan da ka yi a kansa da guduma, ƙafar nan ce take ɗauka ta kai ƙasa. Baƙi ne ƙirin, ko ɗigon fenti babu, hannunsa ya lanƙwashe, in ka murɗa sai ya yi ƙara kamar ƙyauren tsohon ɗaki. Bakinsa kuwa ya sha magagari har ya gode Allah. Duk ya sule, ga wasu tsage-tsage jere a samansa, ga wani ɗan kwarmi a gefen dama. Ni a wancan lokacin kallon ɓarna nake yi musu.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Asalinmu Fulanin daji ne, kakanmu ne ya shigo birni bayan shanu sun ƙare. Fillancin ya tafi, amma kunyar tana nan daram. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Shekara wajen ashirin muna rumfa ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, in yana son abu sai ya fuskanci bango ya ce, "A miƙo ƙaramin magagari." In aikina ya yi kyau, ya jujjuya shi a hannu ya ajiye. In bai yi ba, ya gyara da kansa. Da ƙannena har raha yake yi, ya tsokane su su tsokane shi, ni kuwa daga gaisuwar safe an gama. Inna ma haka, in za ta ba ni saƙo sai ta kira ƙanwata ta ce, "Faɗa wa wancan tuwonsa yana ɗaki," alhali ina tsaye a gabanta. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, kowa ya san haka ake yi wa ɗan fari. Amma ƙarya nake in na ce ban yi kwaɗayin ranar da Baba zai dube ni ya ce "kai" ba.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, karon nan na baya, garin kamar an yi masa allura. Ko'ina hotunan 'yan takara, har jikin bangon rumfarmu sai da aka liƙa uku, ɗaya a kan ɗaya. Kowa ka taɓa sai ya ce maka yanzu komai zai canza, ruwa zai zo, wuta za ta tsaya, aiki zai buɗe. Wani ɗan unguwarmu da ya ci kansila ya tsaya a bakin rumfa ranar nan, hula a goshi, ya ce za a yi wa ajujuwan firamare ƙarafen taga, kuma 'yan unguwa za a fara dubawa. Ya leƙa ciki ya ƙare wa kayan aikinmu kallo, ya ce, "Amma fa sai kun gyara zama." Ya shiga mota ya tafi. Wannan maganar ta shiga kaina ta ƙi fita.

Maƙwabcin rumfarmu mai walda ne, sa'ana, mutum mai bakin tsiya. Injiniya yake kirana don ya ga ina sa tabarau in zan yi aiki. Shi bayis ɗinsa na gwanjo ne, daga wata masaƙa da ta rage ma'aikata aka fito da shi, gajere, mai kauri, toka-toka. Bayan la'asar in aiki ya lafa, musun da muke yi ke nan: wanne ya fi? Shi ya ce nasa, don ƙarfen Turawan da ne, kuma bakinsa yana haɗuwa tsaf, ko takardar sigari ka sa sai ya riƙe. Ni kuma na ce duka biyun, nasa da namu, zamaninsu ya wuce. Na riga na ga sababbi a kasuwar Ƙofar Ruwa, shuɗaye, bakinsu ya yi faɗin tafin hannu da rabi, da haƙora sababbi fil, ga wata 'yar maƙera a bayansu, kuma gindinsu juyawa yake yi, duk inda kake so ka karkata shi.

"To in ya juya sai me?" in ji mai walda. "Rawa za ku yi da shi?"

"Kai dai ba ka san ci gaba ba. Je ka ɗaga ɗaya ka ji nauyi. Ya yi biyun naka."

"Injiniya ke nan! Ƙarfen zubi ne fa. Narka shi aka yi aka zuba a kasko kamar waina. Na Baba kuwa bugunsa aka yi da wuta da guduma." Sai ya ɗaga murya. "Baba, ko ba haka ba?"

Baba yana tsaye yana goga wani makulli, kansa a ɗage kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Bai tsaya da aikin ba. Ya ce, "Kowanne da aikinsa." Shi ke nan abin da ya ce. Ni kuma, da yake abin da nake so in ji ke nan, sai na ɗauka ya ba ni hanya.

Yanzu in na zauna ina tunani, alamomin duk suna nan a gabana, ni ne dai Allah bai nuna mini ba. Baba ya jingine kekensa shekara uku kafin nan, ya ce gwiwa. Ya daina buɗe Alƙur'ani da safe, ya koma tilawa da ka. In zai taho rumfa, jikin bango yake bi, yatsunsa suna shafar katangar mutane, na ɗauka tsufa ne. In mai kawo aiki ya yi sallama, ba ya ambatar sunansa sai mutumin ya ƙara magana. Kuma ya daina sunkuyawa a kan aiki. Da can sai ya kai fuskarsa dab da bakin bayis, amma a shekarun nan a tsaye yake ƙyam, babban yatsansa na hagu yana bin tsage-tsagen nan ɗaya bayan ɗaya. Makullan kuma suna buɗewa, ko ɗaya ba a taɓa dawo da shi ba. To wa zai yi zargin wani abu?

Sai aka yi rasuwa a ƙauyen su kakanmu, can bayan Dawanau. Baffana ya zo da mota ya ɗauki Baba, za su yi kwana uku. Motar tana shan kwana na ce yau ne. Niyyata wallahi mai kyau ce, kuma wannan shi ya fi ci mini rai har yau. So nake ya dawo ya tarar da rumfa ta zama ta zamani, ya ga ɗansa ya isa a ba shi riƙo.

Na ɗauko sifana na kwance notinan. Sun yi tsatsa, sai da na jiƙa su da baƙin mai. Ƙafar ta ƙi fita daga gungumen, na yi ta girgizawa ina zufa. Mai walda ya kashe injinsa ya leƙo.

"Kai! Me kake yi haka?"

"Abin da ka gani."

"Baba ya sani?"

"Zai sani."

"Injiniya, ka ji tsoron Allah. Ko za ka sayi sabon, ka jingine wannan a lungu mana. Abinci yake ci?"

Na ce masa ya kama gabansa, rumfar ubana ce ba ta ubansa ba. Haka na faɗa, da wannan lafazin. Ya dube ni ya girgiza kai, ya mayar da gilashinsa fuska. Gaskiyar magana, abin da na tara bai kai sabon ba sai an haɗa da tsohon, kuma girman kai ya hana ni faɗa.

Na samo mai kura muka ɗora shi, muka tura har Ƙofar Ruwa. Alhajin da ke sayar da sababbin, wani mai fara'a da carbi a hannu, ya zagaya namu sau ɗaya ya taɓa shi da ƙafa. Ya ce wannan ai babu mai saye yanzu, sai dai 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa a kan sikeli. Ya kira wani daga cikinsu, suka ɗaga bayis ɗin Baba suka rataye shi a ƙugiya kamar naman sa. Ina tsaye ina kallo. Ko a jikina. Idona yana kan shuɗin nan da ake kwance wa leda.

Kwana biyu na yi ina gyara rumfa. Na tone gungumen na cike ramin, na huda bencin na ɗaure sabon da noti huɗu, na share ko'ina, har hotunan 'yan takarar na ɓamɓare. Mutane suna wucewa suna cewa, "Iye, an yi sabon kaya! Allah ya sa alheri." Ina amsawa da ƙarfi don mai walda ya ji.

Ranar da Baba ya dawo, da hantsi ya shigo rumfa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya hanya, ya mai haƙuri. Ya rataye babbar rigarsa a ƙusar da ya saba, ya yi taku biyu, ya miƙa hannun dama inda hannun bayis yake shekara arba'in. Hannun ya kama iska. Ya sake lalubawa ƙasa kaɗan, sai yatsunsa suka bugi sabon. Ya tsaya cak.

Shuɗin abu ne fa, ƙato, yana sheƙi, rana tana dukansa. Yaro ɗan shekara uku zai hango shi daga bakin lungu. Amma Baba sai da ya taɓa sannan ya san yana wurin. Na ga wannan da idona, kuma duk da haka ban gane ba. Ina ta zuba kamar kanya, ina nuna masa yadda gindin ke juyawa, ina faɗin faɗin bakin, ina maganar ƙarafen taga.

Ya shafa shi tun daga hannu har 'yar maƙerar. Ya bi saman bakin da babban yatsa, a hankali, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sannan ya kai ƙafarsa inda gungumen yake, ya taka sabuwar ƙasar da na cike.

Ya fuskanci bango ya ce, "Ina aka kai wancan?"

"An ba 'yan gwangwan, Baba. Ai ya gama yayi."

Sai ya ce, "To. Allah ya sa albarka."

Ana haka wata Hajiya daga Dukawuya ta yi sallama, tsohuwar mai kawo mana aiki ce, ba ta yarda kowa ya taɓa mata makulli sai Baba. Ta kawo na kwadon shagonta, tana son a yanka mata biyu. Baba ya karɓa. Yadda ake yi, ka haɗa makullin asali da sabon da ba a yanka ba, ka matse su tare, ka bi haƙoran da magagari. Ya sa su a bakin, suka zame, don babu kwarmin da suke zama. Ya sake sawa, ya murɗa, haƙoran sabon bayis suka ciji farin ƙarfen suka bar masa shaida. Ya ɗauki magagari, babban yatsansa ya tafi neman tsagar farko. Babu. Ya tafi neman ta biyu. Fenti ne kawai, sumul. Ya fara gogawa haka nan, gindin ya ɗan motsa, magagarin ya kauce ya ci makullin asalin, ya shafe masa haƙori ɗaya. Karo na biyu ya sauka a kan yatsansa.

Hajiya ta ce, "Subhanallahi! Malam, jini!"

Baba ya sa yatsan a baki. Ya kwance makullan ya ajiye a kan benci, ya ce wa bango, "A ƙarasa wa Hajiya." Ya laluba rigarsa ya sa, ya fita yana bin katanga. Ni na tafi har Dukawuya na ɓalle mata kwadon na sa wani, don makullin asalin ya riga ya lalace. Duk hanya tana tambayata ko Malam ba shi da lafiya ne, ina cewa gajiyar tafiya ce.

Da na koma gida bayan azahar, Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ƙanwata tana gefenta, na jira a ce mata ta faɗa wa wancan. Sai Inna ta ajiye rariyar ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido. Tunda nake ban taɓa ganin ta yi haka ba.

"Kai wane irin mutum ne?" ta ce. "Shekara uku mahaifinka ba ya gani. Sai haske da duhu kawai. Kana tsaye kusa da shi kullum, ba ka sani ba?"

Na ce, "Inna, ba ya gani kamar yaya? Yana aiki fa."

"Da wannan ƙarfen yake gani! Shi ya tsaga shi da hannunsa tun idon yana fara tafiya, kowace tsaga da ma'auninta. Ya ce muddin ƙarfen nan yana nan, babu wanda zai ciyar da shi. Ya hana ni faɗa, ya ce kada a ɗora wa yaron nan nauyi." Muryarta ta karye. "Yaron nan. Ga abin da yaron nan ya yi."

Ban san lokacin da na fita ba. Ko takalmi sai a zaure na tuna. Na tare ɗan acaɓa na ce Ƙofar Ruwa, ya yi sauri don Allah. Alhajin yana nan da carbinsa, ya ce shi ai ba ruwansa, ya nuna mini wurin 'yan gwangwan. Na same su suna loda wata tirela. Na kwatanta musu, baƙi, mai ƙafa ɗaya, hannu a lanƙwashe. Ɗaya ya ce ya tuna, don nauyinsa ya ba su mamaki. Ya ce motar da ta ɗauke shi tun shekaranjiya ta tashi, kudu ta yi, inda ake narkawa a yi rodi. Na ce wane gari, wane kamfani, zan bi. Suka dubi juna suka yi dariya, ba ta mugunta ba, dariyar wanda ya ga mahaukaci. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Ɗan nan, in na ubanka ne ka yi haƙuri. Yanzu haka ya zama ruwa."

Duk da haka sai da na hau tsibin ƙarafan nan ina tona har hannuna ya yayyanke. Na san babu, amma na kasa komawa gida haka.

Washegari Baba bai fito rumfa ba. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a zaure. Da mutane suka ji, aka yi ta zuwa jaje, abin da ya shekara uku yana gudu. Kowa ya shigo sai ya ɗaga murya kamar kunnen ne ya tafi, "Malam, ka gane ni?" Ina jin su daga waje, kamar in haɗiye raina. Muka kai shi asibitin ido, likitan ya haska ya haska, ya ce jijiyar ta riga ta mutu, ba yanar ido ba ce balle a kankare. Ya tambaya me ya sa ba a kawo shi da wuri ba, yana dubana.

Shuɗin bayis kuwa ko wata biyu bai yi ba. Wani ya kawo sandar ƙarfe a lanƙwasa masa, na matse ta na ɗauki babbar guduma, yadda na saba tun ina yaro. Hannuna bai san wani abu ba sai mai ƙafa, wanda ko kwana ka yi kana jibgarsa ƙasa ce take sha. Duka na uku na ji ƙas! Bakin baya ya ɓalle ya faɗi a ƙafata. Na ɗauka na duba karayar. Cikinsa toka-toka ne, gari-gari, da ƙananan ramuka, har da wani wuri da aka cike da abu kamar ƙwaɓi aka bi da fenti. Mai walda ya leƙo ya gani. Na jira ya ce Injiniya, na jira ya ce ai na faɗa maka. Sai kawai ya koma rumfarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ƙarafen tagar kuwa har kansilan ya gama wa'adinsa ban sake jin maganarsu ba, in ya hango ni ma gilashin mota yake ɗagawa.

Mai walda ne ya taimaka mini daga baya, duk da abin da na faɗa masa. Ya ji labarin wani tsohon maƙeri da ya rasu, 'ya'yansa ba sa sana'ar, kuma akwai mai ƙafa a rumfarsa. Muka je muka ɗauko. Na sake binne gungume a daidai tsohon ramin, na auna tsawon da gwiwar hannuna, don tsawonmu ɗaya da Baba. Sannan na zauna da magagari ina ƙoƙarin tuno tsage-tsagen. Shekara da shekaru ina kallonsu kullum, amma wallahi ban san ko guda nawa ba ne. Shida? Bakwai? Kwarmin a ina ya fara, zurfinsa yaya? Tambayar Baba kuwa ba ta taso ba, da wane bakin? Na aika ƙanwata ta tambaya cikin dabara, ya ce mata shi ma bai san adadinsu ba, yatsansa ne ya sani. Na yi mako guda ina tsagawa, ina rufe ido ina gwadawa da makulli, ina sake gyarawa.

Ranar wata Asabar na sa ƙanwata ta ce masa ana roƙon ya leƙo rumfa. Na ɗauka ba zai zo ba. Da hantsi sai ga shi, yana bin katanga, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Mai walda ya kashe injinsa. Baba ya rataye riga a ƙusarta, ya yi taku biyu, ya miƙa hannu. Wannan karon hannun ya sauka a kan ƙarfe. Na ga fuskarsa ta ɗan saki. Ya taka gungumen, ya murɗa hannun ya saurari ƙarar.

Sai ya ɗora babban yatsan a saman bakin. Tsaga ta farko, ya wuce. Ta biyu, ya tsaya, ya koma baya, ya sake zuwa. Ta uku. Na sa masa makullai biyu a tafin hannu, ya zaunar da su a kwarmin da na yi, ya matse. Ya ɗauki ƙaramin magagarinsa, ya ɗora, ya ja sau ɗaya. Ya shafa. Ya ja sau biyu, ya sake shafawa. Ya daɗe a tsaye haka, magagarin a kan makulli, ba ya motsi.

Na ce, "Baba, in akwai inda bai yi ba a faɗa, zan gyara. Ko sau nawa ne zan gyara."

Ya kwance makullan ya ajiye. Sai ya juyo, ya bar bangon, ya fuskanci inda muryata take. Ya kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, yadda aka raɗa mini shi.

Ya ce, "Bari haka. Ka wahala, na sani. Wancan ina gani na tsaga shi, yatsan ya koya ido yana nan. Yanzu babu mai koya masa." Ya laluba ya kamo hannuna, ya sa mini ƙaramin magagarin a ciki, ya naɗe yatsuna a kansa. "Kai ba ka sani ba. Ni ne ban faɗa maka ba."

Tun ina yaro nake jiran ya kira sunan nan, ya ce mini kai. Na sha ƙiyasta ranar, na ɗauka zan yi farin ciki. Na durƙushe a gindin bencin ina kuka kamar ƙaramin yaro, mai walda yana tsaye a bakin rumfa, masu wucewa suna leƙe. Baba ya sa rigarsa. Na miƙe zan raka shi, ya ce a'a, ya san hanya, in tsaya kada mai kawo aiki ya zo bai tarar da kowa ba.

Bai sake taka rumfar ba. Ya yi shekara huɗu a zauren nan, a kan buzu, tuwonsa daga hannuna, abin da ya ce ba zai taɓa yarda da shi ba. Wani lokaci in na shigo a hankali sai in tarar babban yatsansa na hagu yana bin gefen buzun, yana tsayawa, yana wucewa, yana tsayawa. Na ƙirga ranar nan ba tare da ya sani ba. Tara ne, ni kuma bakwai na tsaga.

Mai ƙafar da muka ɗauko yana nan a rumfata har yau, da shi nake aiki, kuma ban ƙara masa tsaga biyun nan ba. Masu tambaya wanne ya fi, in na huce, nakan ce su guji na zubi, su nemi bugagge ko da na gwanjo ne. Sannan in tambaye su ko akwai tsoho a rumfarsu. In sun ce akwai, sai in ce kada su kwance ko noti ɗaya sai sun tambayi mai shi, in kuma ya yi shiru, su sake tambaya. Yawanci dariya suke yi su ce to, Malam, su wuce Ƙofar Ruwa.